Waƙar Golmo a Bakin Rifkatu

Zuwa ga Maman Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, tare da fatan kina hutawa lafiya a wurin Ubangiji. In kin tambaye mu, muna nan ƙalau, sai dai gwiwata ta hagu da ta daina bin oda. Ki yi haƙuri da rubutun. Kin san a aji huɗu na yi sallama da boko, shi ma bokon bai yi kukan rabuwa da ni ba.

Dalilin wasiƙar, ɗiyarki ce. Tun da muka dawo daga rufe ki, Rifkatu ta kulle bakinta. Tana dafa tuwo, tana zuwa makaranta, amma magana sai "to" da "a'a". Na yi mata duk barkwancin da na kwaso daga bariki, har wanda ya taɓa sa Manjo ya ƙware da shayi. Kallona kawai take yi kamar allon sanarwa. Na kai ta asibiti, suka ce jininta lafiya. Fasto ya yi addu'a har ya jiƙe da zufa. Ni kuwa ina zaune gida ɗaya da yarinya 'yar shekara goma sha biyar, ina jin kamar na binne mutum biyu.

Sai ga Malama Ngozi, ɗiyar Inyamurin nan mai sayar da kayan babur a bakin kasuwa. Ta dawo daga kwaleji da jita da kibod mai batir, ta karɓi aron aji ɗaya a firamare, tana koya wa samari da 'yan mata kiɗa kowace Asabar. Ƙarshen wata kuma ta tara tsofaffi da gwauraye da mu 'yan fansho, yaran su yi mana waƙa, mu amsa. Wai yana sauke nauyin zuciya. Ni dai a sanina magani ƙwaya ne ko allura, ban taɓa jin an ce a sha jita safe da yamma bayan abinci ba. Amma na tura Rifkatu, don dabarata ta ƙare.

Ta yi watanni tana zuwa. Yatsunta suka yi kanta, bakin nan dai shiru. Na fara tunanin na ƙara wa gidan surutun wayar jita ne kawai.

Wata rana Malama ta ce kowa ya kawo waƙa ɗaya daga gidansu, ba ta kaset ba, ba ta littafin coci ba. Ina gyaran rediyo a ƙofar ɗaki Rifkatu ta zo ta tsaya a kaina, ta yi wani amo da hanci, baki rufe. Sannan ta ce: "Baba, Mama na yin wannan in tana niƙa, duk lokacin da aka tura ku wani gari. Ba ta sa kalmomi. Mene ne kalmomin?"

Maman Rifkatu, sukundireba ta faɗi daga hannuna. Doguwar magana ta farko ke nan da ta yi mini tun rasuwarki. Kuma na gane waƙar. Tawa ce. Ita ce wadda na ƙirƙira lokacin golmo, da ni da abokaina muke noma gonar babanki a Dabai damina bayan damina don a ba ni ke. In rana ta buɗe, tsoho ya koma inuwa, sai mu rera ta ƙasa-ƙasa muna kaftu: gonarsa ba ta da iyaka, tuwonsa loma ɗaya, burkutunsa ko jinjiri ya sha zai miƙe ya yi tafiya daidai. Na rantse da kakina na soja, ban san kin ji ba. Ke da kike kawo mana ruwa kai a sunkuye kamar ba ki san komai ba!

Yanzu ki gaya mini, me uba zai yi? In ce na manta, ta koma shirunta. In faɗa, na koya wa jika zagin kakanta. Na faɗa. Baiti ɗaya kawai na ɓoye, na ƙafafunsa.

Abin da ban lissafa ba, Malama ta aika har ƙauyuka a kawo tsofaffi. Ranar taron ina shiga aji, sai ga babanki a bencin gaba da sandarsa, mutumin da tun jana'izarki bai leƙa ko kasuwa ba. Ni da na ga harsashi a Laberiya, na nemi bayan wata tsohuwa mai ƙiba na laɓe.

Rifkatu ta tashi da jitarta ta ce wannan waƙar mamanta ce. Ta fara. Muryarki ce sak, har da wannan 'yar karyewar a ƙarshe. Tsofaffin mata suka fara toshe baki da gyale. Tsofaffin maza, da kowannensu ya taɓa cin wuya a gonar suruki, suka kama amshi tun ba a koya musu ba. Ni ina neman taga.

Da ta gama, babanki ya miƙe a hankali, ya duba ajin har ya gano ni. Ya ce: "Kofur, ka rage baiti. Ina na ƙafafun zalɓen?" Ya rera shi da kansa, bai tsallake ko kalma ba, hawaye na bin gemunsa. Ashe shi ma ya ji! Ashe duk Dabai ni kaɗai nake tsammanin asiri ne.

Ɗiyarki ta yi dariya, Maman Rifkatu. Ta yi har ta zauna a ƙasa, dariyar ta juye kuka, kakanta ya riƙe ta su biyu suna yi. Ban san ko in tafa ba ko in ba da haƙuri. Na tambayi Malama ko haka ake so maganin ya yi aiki, ta ce ita ma ba ta sani ba.

A hanyar gida bakin yarinyar nan bai rufu ba. Ta tambaye ni wace riga kika sa ranar da na fara ganinki, da ko kin iya rawa, da dalilin da ya sa kika yarda da ni. Na ƙarshen na ce ni ma har yau ina bincike.

Shi kuma tsoho ya aiko cewa zagi a gaban jama'a yana da tara: in zo in yi masa noman farko bana. Zan je, da furfurata.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Duk shekarun nan da kike rera ta a kan dutsen niƙa ina can nesa, kewata kike yi, ko dariya kike mana ni da babanki? Na juya shi ta kowane gefe ban gane ba. Kowanne ne dai, na gode da kika bar mata ita. Ban san kin bar mini hanyar da zan bi in same ta ba.

Ubangiji ya ba ki hutu a gefensa, ya bar wa Rifkatu muryarta, ya ƙara wa babanki kwana ko da zai ƙara faɗin gonar. Amin.

Naki har mu sadu,
Baban Rifkatu, kofur mai ritaya, Zuru