Na kashe bushiya da 'ya'yanta, ga ni da ciki

Anti Saratu, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana bai yi mini dariya ba.

Shekarata ɗaya da aure. Muna zaune a Gyaɗi-Gyaɗi, a wani gida da bayansa ke da ɗan kango mai ciyawa. Maigidana direba ne, tun da aka miƙa mulki ga farar hula ya samu aiki wajen wani ɗan majalisa, sai ya yi sati biyu a Abuja. Ni kaɗai nake wuni, daga ni sai littattafan da nake karɓowa haya a Tarauni. Ina iya cinye biyu a rana.

Da bazara wata bushiya ta fara zuwa gindin randata, inda ƙasa ke da laima. Nakan tarar da ita in na fito alwalar asuba. Na riƙa ajiye mata ragowar tuwo, har ta daina dunƙulewa in ta gan ni. Kada ki raina ni Anti, har labarin da na karanta nakan ba ta. Daga baya na gano tana da 'ya'ya huɗu a ƙarƙashin itacen girki.

Wata safiya na duba ta da kyau, sai na ga kaska cike da kunnuwanta da gefen idonta, sun ƙoshi sun yi tulu-tulu, ita kuma ta rame. Na nuna wa Inna Iyatu, tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu, wadda aka haifa a unguwar tun tana gonaki. Ta ce da can sai damina ake ganin kaska a jikin namun jeji, sanyi na shigowa su ɓace, amma yanzu sanyin bai cika wata guda ba, ruwa kuma ya zo a makare ya zuba a haukace. Ta ce in bar ta, Allah ne ke kiwonta.

Ban bari ba. Na ɗauko fiya-fiya, maganin da muke yayyafa wa sauro da kyankyaso, na ɗiga mata a kunne da baya. Kaskar ta zube. Kafin azahar bushiyar ta mutu tana karkarwa a gabana. 'Ya'yan na gwada ba su madara da auduga, suka bi ta ɗaya bayan ɗaya cikin kwana uku. Na binne su a gindin zogale.

Yanzu cikina wata biyar. Kullum da asuba sai in ji kamar ana karce gindin randa, in leƙa ba kowa. Na daina cin zogalen. Sati biyu da suka wuce na cire kaska a bayan gwiwata, wurin ya yi baƙi, zazzaɓi kuma yana zuwa yana tafiya. A littattafan da nake karantawa, wadda ta raba uwa da 'ya'yanta ba ta gamawa lafiya. Ina tsoron hakkinsu ne zai faɗa kan abin da ke cikina. Ban gaya wa maigida ba, ban je asibiti ba, don ina jin in hukunci ne, allura ba za ta tare shi ba. Me zan yi?

Taku, Mai Randa, Gyaɗi-Gyaɗi.

Amsa

'Yata Mai Randa, ban yi dariya ba. Amma ki ajiye jaridar nan ki ɗauki mayafinki, yau za ki asibiti. Mai ciki ba ta zama da zazzaɓin sati biyu, ko mene ne sanadinsa. Ki gaya musu kaska ta cije ki, ki nuna musu wurin, don in ba ki faɗa ba maganin zazzaɓin sauro kawai za a ba ki a sallame ki. Kada ki sayi komai a kemis da kanki.

Na kai wasiƙarki wajen wani likitan dabbobi da na sani. Ya ce Inna Iyatu ta yi gaskiya. In zafi ya daɗe, sanyi ya gajarta, kaska da ƙuma sukan daɗe suna hayayyafa, ƙananan dabbobi kuma yunwa da ƙishirwa su kora su cikin gidaje da kayansu a jiki. Abin da ya kawo bushiyar randarki ke nan, kuma daga wannan ciyawa kaskar ta hau ki. Ba aiko ta aka yi ba.

Kuskure kam kin yi. An ce ki bari, ba ki bari ba, kuma fiya-fiya guba ce, ke kanki bai kamata ki taɓa ta da ciki ba. Sai dai tausayi ne ya sa ki, kuma kin yi kwana uku kina jinyar marayunta. Ki yi istigfari, ki yi sadaka gwargwadon hali, ki rufe maganar. Masu rubuta littafi su ke tsara wa mutanensu ƙarshe, naki ba a hannunsu yake ba.

Ki gaya wa maigidanki, kunyar minti biyar ce. A sa a nome kangon, a ɗaga itacen daga ƙasa. Sannan kaɗaici ya yi miki yawa, shi ya sa kunnenki ke jiyo abin da babu. In ya yi tafiya, ki nemi wata daga gidanku ta zo ta taya ki zama.

Allah Ya ba ki lafiya, Ya sauke ki lafiya, Ya raya abin da za ki haifa.

Anti Saratu