Muryarki a Wayoyin Dutsi

Balkisa ƙanwata,

Sallama, da gaisuwa irin ta gida. Na san ba za ki karanta ba. Dama ko da ranki ba kya amsa saƙona da wuri.

Gida lafiya. Gero ya yi kyau a Dumega, Inna ta fara cin abinci. Ke kuma kin yi suna. Mijinki Sanusi ya ɗauki muryarki a waya ranar da kike sambatu, hannuwanki na karkarwa, yana miki ruƙiyya, ya watsa wa wayoyin garin Dutsi cewa aljani ne ke magana. Dangin Inna na Lugu suka ce a'a, doguwar bori ta kakarmu ce kika gada. Suka yi ta jayayya a kanki, kowa da iliminsa. Ba wanda ya buɗe idonki ya ga ya koma launin gwaiduwa.

Da na iso daga Yamai na kai ki asibitin Doso, lokotoro ya auna jininki. Hanta ce ta tsaya cak, dafin da take tacewa ya hau miki kai. Ya tambayi abin da kika sha. Kin tuna? Farasitamol ɗin da Sanusi ke sayarwa a teburinsa, wanda ya riƙa cika miki hannu da shi saboda ciwon haƙori, don kada lokotoro namiji ya leƙa bakin matarsa. Farasitamol yana da makari, Balkisa, a ƙarin ruwa ake sa shi, in an zo da wuri. Mu mun zo lokacin da sai dashen hanta. A ina?

Ban gaya wa kowa ba, ni ma ina sauraren muryar. Ita kaɗai ta rage mini. A ciki ni kike kira. Wane aljani ne ya san sunan da kika laƙaba mini muna yara?

Yanzu duk ranar kasuwa sai in yafa mayafina mai kyau in je teburinsa. In gaishe shi da ladabi, in jira mutane su taru, sannan in tambaya ko akwai sauran maganin da ya ba matarsa. Ba na ɗaga murya. Matan sukan ajiye ƙwayoyin a hankali su wuce.

Ba zan daina ba sai ya tsaya a masallacin da ya yi wa'azi da ke, ya ce hanta ce. Ya aiko dattawa, sun ce da kina nan da kin yafe. Gaskiyarsu. Amma ba kya nan, kuma shi ya jawo. Ni aka bar masa.

Allah ya haskaka kabarinki. Ki huta, ni ban gaji ba.

Yayarki,
Rabi