Sikelin Ƙofar Kicin

Nassarawa GRA, Kano
Laraba

Zuwa ga matata Rahma, Maman Afrah,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da Baba Malam da Inna da duk mutanen gidan Giginyu. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba.

Rabona da rubuta wasiƙa da hannu tun ina aji uku a sakandare, to ga shi kin sa na koma, tunda kin toshe lambata ta kowace hanya. Idi direba ya kawo min saƙonki jiya, wai in aiko miki da takardarki kafin Juma'a ta sama. Sai da na sa ya maimaita sau uku. Saki, Rahma? Shekara goma sha bakwai, a kan fim? Fim ɗin barkwanci?

Bari in tuna miki yadda abin ya faru, don na ga kamar kin manta waye aka ci wa mutunci. Ƙanenki Jibrin ya zo ya durƙusa a falona, ya ce yana son aron gida zai ɗauki fim. Na ba shi kyauta, na tafi Legas na bar masa gidan mako biyu. Ranar Asabar ya gayyace mu kallon farko, ya ba mu kujerar gaba. Na sa farar shaddata, na gayyaci Alhaji Auwalu maƙwabcinmu da abokan kasuwa mutum shida, don su ga gidana a majigi. Ko sunan fim ɗin, wai Matata Kilo Nawa, ni ya fara ba dariya.

Ban ɓoye ba, na yi dariya. Da Alhaji Tankon cikin fim ya sa wa firji kwaɗo ya rataya makullin a wuya, har hawaye na yi. Da ya ɗauke naman daga kwanon matarsa ya bar mata kabeji, na buga ƙafa. Sai da ya jawo ta ya ɗora a kan sikeli a ƙofar kicin, ya ce wa baƙinsa saura kilo huɗu ta cika buhu, sannan na ji dariyar mutane ta canza. Sikelina ne, Rahma. Wanda na kawo daga kasuwar Dawanau, mai koren fenti, a daidai inda yake ajiye. Maganar kuma tawa ce, na faɗe ta ranar sallar bara. Alhaji Auwalu ya juyo ya kalle ni, ya toshe baki da hula. Na tashi na fita ban ga ƙarshe ba. Da na dawo gida da yamma, babu ke babu akwatinki.

To wa ya kamata ya yi yaji? Ni Sagiru, da na fara da dakon buhu a ka, yau nake loda tirela goma ta riɗi a wata, yaron da na saya wa kyamararsa ta farko ya mai da ni abin dariya a cikin falona. Kuma ni me na yi? Lafiyarki nake nema. Mutum ya auna abin da yake so, laifi ne? Duk abin da na mallaka a duniya da awo na same shi.

Ki dawo gida. Na yafe miki fitar da kika yi ba izini. Jibrin kuwa ni da shi. Afrah tana gaishe ki, makaranta ce ta hana ta biyo ki. Takarda kam ba zan rubuta ba.

Mijinki,
Alhaji Sagiru Mai Riɗi

*

Nassarawa GRA, Kano
Lahadi

Zuwa ga Rahma,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarki da ta su Baba Malam. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Ba ki ba ni amsa ba. Na tura Alhaji Auwalu da yayana biko ranar Juma'a, da sarƙar gwal da atamfa turmi biyar. Sun dawo da komai, ko ledar ba a kwance ba. Sun ce Baba Malam ya karɓe su da mutunci, ya ba su shayi, ya ce shi bai ga ɗan biko ba tukuna, masu dako kawai ya gani. Ni aka yi wa wannan maganar, na gane.

Kasuwa ta gagare ni shiga. An yanko wurin sikelin nan an watsa a waya, babu wanda bai gani ba. Jiya ina tsaye ana auna kaya, wani ɗan dako da ban ma san sunansa ba ya ɗaga murya ya ce wa mai awo ya duba da kyau, saura kilo huɗu. Rumfar gaba ɗaya ta ɗauka. Mutanen da nake ciyarwa! Na bar musu awon na shiga mota.

Daga nan na wuce ofishin Jibrin a Badawa, da niyyar in shaƙe shi. Bai gudu ba. Ya ba ni kujera, ya ce Yaya, zauna ka ji. Ya ce ba shi ya ƙirƙiri labarin ba. Ya ce ke kika zauna da shi kwana uku kina faɗa yana rubutawa, kwaɗon firji, kabejin, awon ranar Juma'a bayan masallaci, duka. Ya ce ke kika roƙi a ba mu kujerar gaba. Wai kin ce kin yi min magana da baki shekara huɗu ban ji ba, Inna ta yi ban ji ba, amma kin san ina son dariya, wataƙila in na ga wani yana yi zan ga muninsa.

Sannan ya tambaye ni abin da na raɗa miki a kunne ana cikin kallo. Na ce ban tuna ba. Ƙarya na yi, na tuna. Lokacin da Tanko ya kulle firjin, na matso na ce miki wallahi mutumin nan ya fi ni dabara, gobe zan sayi kwaɗo. Jibrin ya ce a nan kika gama yanke shawara, tun kafin a zo wurin sikelin.

Rahma, ni na ɗauka matar ake yi wa dariya. Wallahi tallahi haka na ɗauka. Ɗaki cike da mutane suna yi wa mijin dariya, ni kaɗai nake tafa masa.

Amma ke ma ki yi min adalci. Kin tuna ɗakinmu na haya a Kaura Goje? Kina siririya kamar sillen kara. Matan layi suna cewa ɗan dako ya auro 'yar malamai yana kashe ta da yunwa. Maganar nan ta hana ni sukuni. Kullum in na taso sai na tsaya wurin mai tsiren bakin titi, ko da tsinke biyu ne, in zauna ina kallo har ki cinye. Da kika haifi Afrah, ni nake sayo ƙaurin saniya da kanwar kunu da kaina. Ranar da gwaggona ta ce Rahma ta yi kyau, ta cika zane, gidan Sagiru akwai ci, ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Da hannuna na gina jikin nan, ina alfahari da shi.

Sai muka dawo unguwar nan. Na ga matan manya suna zagaye layi da safe da takalmin gudu, na ji ana hira a wurin walima cewa ƙiba alamar rashin wayewa ce. Ni da ban yi boko mai zurfi ba, kullum ina tsoron a gane. Na gyara lafazi, na gyara ɗinki, na canza mota. Sai na juyo kanki.

Ban san me ya sa nake rubuta wannan ba. Juma'a saura kwana biyar. Ki ce wani abu, ko zagi ne, Idi zai kawo.

Naki,
Sagiru

*

Nassarawa GRA, Kano
Laraba

Rahma,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin tashi lafiya. Ki gaishe min da Baba Malam da Inna, in suna karɓar gaisuwata.

Idi ya kawo amsarki, kalma huɗu: ka kalla har ƙarshe. Na karɓo fim ɗin wurin Jibrin, na kulle falo jiya bayan azahar, na kalla ni kaɗai. Wannan karon ban yi dariya ba ko sau ɗaya, duk da abin dariyar yana nan. Na ga matar ta sha shayin ramewa har ta zama kamar muciya. Na ga uwar Tanko ta zo daga ƙauye ta bi shi da taɓarya tana cewa ya shanye mata suruka, a ɗura mata fura. Uwa tana ɗura, miji yana kwashewa. Sai matar ta miƙa musu takarda da biro ta ce su rubuta kilo nawa suke so ta zama, su sa hannu, ita dai ta huta. Aka rasa mai rubutawa. Na tsayar da fim ɗin a nan na daɗe ina kallon fuskarta.

Amma ba wannan ne ya karya ni ba. Yau da safe na sauko da wuri, sai na ga Afrah a kan sikelin nan da kayan makaranta. Ta cire takalmi, ta cire hijabi, har agogon hannunta ta ajiye a ƙasa. Tana kallon allurar kamar mai jiran hukunci. Da ta gan ni ba ta tsorata ba, murmushi ta yi, ta ce Abba na rage biyu. Tana jira in yaba mata.

Na kira Binta mai girki. Ta yi ta kame-kame, sai da na rantse ba zan kore ta ba. Ta ce wata takwas ke nan yarinyar nan ba ta cin abincin rana, mai gadi take ba wa. Ta ce sau biyu tana faɗuwa a makaranta, ke kika je kika ɗauko ta. Ta ce kin gaya min, na ce ai gara ta fara tun yanzu kada ta gaji uwarta. Na faɗa, Rahma? Na tambayi kaina, na ji muryata tana faɗa. Shekararta goma sha huɗu. Ni da nake gane nauyin buhu da ɗagawa ɗaya, 'yata tana ƙarewa a gabana ban gani ba.

Bayan Afrah ta tafi makaranta na yi abin da ban taɓa yi ba tun da na kawo sikelin nan gidan. Na hau. Ɗari da goma sha takwas. Na fi ki da kilo ashirin da biyu. Na cika buhu har na zube. Ga shi na rubuta da hannuna, ki karanta wa duk wanda kika ga dama, ki ba Jibrin ya sa a fim na biyu.

Ba ni da sauran dabara. Gidan nan ya yi min girma, ina jin takuna a cikinsa. Tuwo ba ya wuce min. Ina roƙonki don girman Allah, don darajar iyayenki, kada ki sa in rubuta takardar nan. In kin ce sai na rubuta, haƙƙinki ne, amma ban san yadda hannuna zai yi ba. Gobe bayan la'asar zan zo da kaina, ba aike. Ba sarƙa, ba atamfa. Zan zo da Afrah. In an ce in tsaya a waje, zan tsaya a waje.

Mai laifi,
Sagiru

*

Nassarawa GRA, Kano
Juma'a

Maman Afrah,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun kwana lafiya ke da yarinyar.

Kin san rabin abin da ya faru jiya, ga ɗaya rabin. Kafin mu zo na sa an ɗora sikelin a mota an mayar da shi Dawanau, wurin buhuna. Daga nan na tuƙa da kaina zuwa Kaura Goje. Mai tsiren nan ya rasu, ɗansa ne a wurin, amma ƙulin iri ɗaya ne. Na sayi na mutum biyu.

Awa biyu na yi a zauren Baba Malam a kan tabarma, ƙafata ta yi tsami, almajiran karatunsa manya suna shiga suna fita suna satar kallona. Ɗaya har ya yi dariya. Ban ji haushi ba. Da Baba Malam ya fito bai yi min faɗa ba, abin da ya fi faɗa ciwo. Ya ce yanzu ya ga ɗan biko, amma shi ba zai sa ki ba, ba zai hana ki ba.

Ba ki fito ba. Na yi ta kallon labulen nan har aka kira magariba. Sai Inna ta leƙo ta miƙo min takardar da aka naɗe tsiren, babu komai a ciki sai mai da ɓurɓushin ƙuli. Ta ce kin ci tsinke biyu, Afrah ta ci huɗu, ta sha fura a kai, kuma a nan za ta kwana. Na riƙe takardar nan na yi kuka a gaban surukata, ni Sagiru.

Yau Juma'a. An sauko daga masallaci, na zauna a bakin ƙofa ina jiran Idi da saƙon takarda. Ya dawo ya ce ba ki ce komai a kanta ba. Kin ce dai a kawo wa Afrah kayan makaranta na mako guda, kuma tsiren jiya ya yi sanyi kafin ya iso.

Ba ki ce za ki dawo ba, ban kuma tambaya ba. Ga kayan Afrah nan. Anjima bayan la'asar ina tafe, kuma zan sayi kula mai riƙe zafi a hanya. A ajiye min tabarmar.

Mijinki, in kin yarda,
Sagiru