Kwalbatin da Aka Laƙa wa Sunana

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar da ta ba da aikin kwalbatin unguwarmu a Rikoto,

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Sunana Bawa, magini mai zaman kansa. Ban taɓa rubuta wa babban mutum takarda ba, amma abin ya kai ni bango.

Na ɗaya, mu uku muka taɓa aikin nan. Injiniya mai ba da shawara ya zo sau ɗaya, da rani, ya auna rafin a bushe, ya zana, ya tafi. Ɗan kwangila ya karɓi zanen, ya kawo siminti da rodi. Ni kuwa jinga aka ba ni, in zuba kankare yadda takarda ta ce.

Na biyu, na gaya wa ɗan kwangila bakin kwalbatin ya yi kaɗan. A nan aka haife ni, na san yadda ruwa ke gangarowa daga dutse idan damina ta kankama. Ya ce ba a ɗauke shi don canza zane ba. Na nemo lambar injiniya na kira shi, ya ce aikinsa shawara, ya kuma riga ya bayar, ba ya jin ta bakin ɗan jinga. To, ni wane ne? Na ja bakina na zuba. Shirun nan har yau yana cina.

Na uku, ruwa ya zo, ya rasa hanya, ya faɗa gidan Mama Rahila, tsohuwar da mijinta soja ya rasu, ya rushe rumbunta da dawar da ke ciki. Injiniya yana Birnin Kebbi, ɗan kwangila ya cire allon da ke ɗauke da sunansa ya yi gaba. Ni ake gani a kasuwa. 'Yan kabu-kabu ma "kwalbatin Bawa" suke cewa. Cocinmu ta karɓe ginin ajin yara daga hannuna, kuma tun kaka ko gyaran katanga ba wanda ya kira ni.

Ranka ya daɗe, ban nemi ko kwabo ba. Ina roƙon a faɗaɗa kwalbatin kafin ruwa ya dawo. Ina roƙon takarda guda mai hatiminku, ta faɗi wanda ya zana, wanda ya karɓi kwangila, da wanda aka ba jinga, a karanta ta a coci da masallaci. Ni bakina ba ya da sauran daraja. Na gina wa Mama Rahila sabon rumbu kyauta, ta yi godiya, amma hatsinta yana ɗakin kwananta, ta ce ba ta yarda da ginina ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare maka sunanka. Wassalam.

Bawa magini, Rikoto, Zuru.