Ni Na Kulle Rijiyar

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake gudu gare ta idan rana ta take, ruwan farkon damina a kan busasshiyar zuciyata, ke mai taurin kan da ya fi dutsen niƙa, ke da na zaɓa idona biyu a buɗe,

Karɓi sallamar wanda ya yi fushi da ke amma ya kasa rage son ki ko da ƙwayar zarra.

Takardarki ta iso ni ranar Talata. Direban motar da ke shiga ƙauyen da kike zaune ranar kasuwa ne ya miƙo mini ita a ƙofar makaranta. Na buɗe ina tsammanin zan sha zuma, sai na tarar da layi huɗu. Layi huɗu, ya rabin raina! Wata guda cur ban ga fuskarki ba, ban ji muryarki ba saboda kin kashe wayarki, sannan ki aiko mini da abin da takardar magani ma ta fi shi tsawo? Kin ce ni zan kammala karatu bana, ke kuwa an mayar da ke baya shekara guda, don haka kada in jira ki. Kin ce in kama bakina, kada in faɗa wa kowa komai game da rijiya. Kin ce in nemi daidai da ni. Daga ƙarshe kika sa hannu da cikakken sunanki, kamar mai rubuta wa shugaban sashe.

To ga amsata, kuma ba a layi huɗu zan ba ki ita ba: na ƙi. Na ƙi da safe, na ƙi da rana, in kin sake aikowa gobe zan sake ƙi. Wa ya ba ki izinin yanke wa mutum biyu hukunci ke kaɗai? Yaushe zuciyata ta zama gadon asibiti da za ki rubuta mini sallama in naɗe kayana in tafi? Ke ɗalibar jinya ce, na yarda kin iya cire allurar ƙarin ruwa ba tare da majinyaci ya ji ba. Amma wannan da kike son cirewa ba a hannu aka sa ta ba, kuma ba za ta fita ba.

Kin manta yadda muka fara ne? Bari in tuna miki. Mu takwas makaranta ta tura ƙauyen nan aikin hidimar al'umma na mako shida, kowa da fanninsa, ni ɗalibin lafiyar muhalli aka naɗa ni shugaba, na yi ta hura hanci kamar an ba ni gari. Ranar farko na shiga gidan mutane da takardar tambayoyi a hannu, ko zama ban yi ba na fara da tambaya ta ɗaya. Tsohuwar gidan ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Ɗan nan, a makarantar taku ba a koyar da gaisuwa ne?" Ke kika durƙusa kika gaishe ta, kika tambayi jikoki, kika tambayi ciwon gwiwarta, har kika karɓi tsintsiyar hannunta. Kafin mu fito ta amsa miki tambayoyina ashirin da biyu ba tare da ta san an yi mata ko ɗaya ba. Ni kuwa na fito da takarda fara fes.

Ranar awon jarirai fa, a gindin bishiyar da ke gaban ɗakin shan magani? Mun rataya sikeli a reshe, na ɗago wani ɓulɓul ɗin jariri ina yi wa uwarsa lacca a kan tsafta, shi kuwa ya saki fitsari a kan farar rigata tun daga aljihu har ƙasa. Matan suka tuntsire da dariya. Ke kika juya baya don kada in gani, amma kafaɗunki suka tona miki asiri. Da kika juyo, hawayen dariya a idonki, kika miƙo mini hankicinki kika ce, "Shugaba, an sa maka hannu a rahoto." Wayyo wannan dariyar! Wallahi a nan na faɗi, faɗuwar da har yau ban nemi tashi ba. Na ga gari ya waye a fuskar mutum, na ji iskar da ke biyo bayan ruwan sama ta ratsa ƙirjina da tsakar rana. Ki gaya mini, wanda ya ga wannan, layi huɗu ne za su kore shi?

Yanzu bari mu zo kan rijiya, tunda ita kika hana ni ambata.

Ke kin san komai, amma ina so ki gan shi a rubuce da hannuna. A mako na ƙarshe muka ɗebi ruwan babbar rijiyar da ke bayan makarantar firamare muka zuba a kwalaben gwaji. Kwana biyu ruwan ya yi baƙi, alamar akwai ƙwayoyin cuta. Murna ta kama ni, Allah ya yafe mini, murnar ɗalibin da ya samu abin rubutawa. A takardar rahotonmu akwai wani fili da aka rubuta "matakin da aka ɗauka", kuma saura kwana uku motar makaranta ta zo ɗaukar mu. Na sa mai walda ya yi murfin ƙarfe, na sayo sarƙa da makulli, na shafa jan fenti, na tara ku muka tsaya aka ɗauke mu hoto muna murmushi. Ke kaɗai ce ba ki yi murmushi ba. Kika ja ni gefe kika ce, "To a ina za su sha?" Na ce miki akwai famfon tuka-tuka a ƙauyen gaba, na ce rigakafi ya fi magani, har da lambar shafin littafi na kawo miki. Ban taɓa taka ƙafata zuwa famfon nan ba, ban san tafiyar awa biyu ce ba.

Tsohon da ya haƙa rijiyar da hannunsa ya same ni ina wanke fenti, ya ce, "Ɗana, kun auna ruwan rijiya. Na tafki fa, kun auna shi?" Na ce masa tafki ba ya cikin jerinmu. Gaskiya ne kuwa, ba ya ciki, domin takardarmu wuraren da ake shan ruwa ta tambaya, kuma babu mai shan ruwan tafki sai shanu, kafin in zo. Tsohon ya kaɗa kai ya tafi. Ni kuma na jefa mabuɗin a aljihuna na shiga mota da shi, wai don kada su buɗe bayan mun tafi. Ka ji mai ilimi! Garin gyaran gira na tsone wa gari guda ido.

Kwana goma sha biyu da dawowarmu ma'aikaciyar ɗakin shan magani ta kira ki a waya. Mata sun gaji da tafiyar awa biyu da tulu a ka, sun koma tafki. Yara goma sha ɗaya suna kwance da gudawa da amai. Saura kwana uku jarrabawar ƙarshe. Ba ki neme ni ba, kin san zan ce mu rubuta takarda mu jira amsa. Kika hau mota, kika sauka, kika wuce wurin maƙeri kika ari guduma, kika farfasa makullina a gaban kowa. Kika zuba maganin tsarkake ruwa a rijiyar, kika bi gida gida kina koya musu tafasa ruwa da haɗa ruwan gishiri da sukari. An gaya mini kwana uku kika yi a gefen 'yar tela tana shan ƙarin ruwa, har ta buɗe ido ta nemi uwarta. Duk sha ɗayan sun tashi. A waɗannan kwanakin ni ina zaune a ɗakin jarrabawa, ina rubuta amsa a kan hanyoyin samar da ruwa mai tsafta a karkara, kuma na ci.

Sai kwamitin ladabtarwa ya kira ki. Suka ce kin ƙaurace wa jarrabawa, kin lalata kayan aikin makaranta. Suka tambaye ki wa ya yanke shawarar kulle rijiyar, kika ce ba wannan ya kawo ki ba. Aka mayar da ke baya shekara guda, kika tattara kayanki kika koma ƙauyen kina taimaka wa ma'aikaciyar. Rahotona kuwa aka liƙa shi a allon sanarwa, da hoton nan namu a bangonsa, an rubuta masa "abin koyi". Kullum na bi ta barandar sai in gan ki a ƙarshen layi, fuskarki a ɗaure, kina kallona ta bayan gilashi. Ya hasken rayuwata, kin san abin da wannan ya yi mini? Abinci ya koma ƙasa a bakina. Ana taya ni murna ina jin kamar ana watsa mini ruwan zafi. Kuma a haka kike so in karɓi takardar shaida, in sa babbar riga, in yi wa mai hoto murmushi karo na biyu?

Ba ke kaɗai kika ce in yi shiru ba, in hakan zai yi miki daɗi. Yaya ya zaunar da ni a shagonsa, ya kashe rediyo, ya ce, "Kai dai ka karɓi takardarka tukuna. In ta shiga hannu, ka yi ta faɗin gaskiya har ka gaji." Inna kuwa kuka ta yi ta yi, kuma kukanta ya fi maganar Yaya nauyi. Abokan aikinmu shida suka tare ni a bayan ɗakin karatu, wai in na buɗe baki za a soke rahoton kowa. Malamar da ke kula da mu ta ce aikin gama ya gama, yara sun warke, me kuma nake nema? Kowa yana da hujja, kuma ban ce hujjojinsu na banza ne ba. Amma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ni na ja shi, ke ya doka, ni kuma ina tsaye a bushe ƙarƙashin lemarki. Wannan ba so ba ne, ya abar ƙaunata, wannan fakewa ce, kuma ban zo duniya don in faka a bayan macen da nake so ba.

Kin ce in nemi daidai da ni. Ina zan same ta? In nemo wadda za ta tsaya kusa da ni a hoto ta yi murmushi alhali na yi kuskure? Irin su da yawa, ba na so. Ni wadda ta ɗaure mini fuska nake so, wadda ta ɗauki guduma ta rusa wautata, ta kuma rufa mini asiri a gaban manya. Ko kogi ya kafe, ko duwatsu su narke, ko duk mutanen gidanmu su yi layi su roƙe ni, ke ce dai. Ina kewar ki har numfashi yana yi mini wuya. Ina kewar yadda kike gyara mini magana a tsakiyar jimla. Ina kewar faɗanki ma, ki ji irin halin da kika bar ni a ciki.

Don haka ki saurara, domin abin da zan faɗa ba shawara nake nema a kai ba, ya riga ya faru.

Jiya da ƙarfe goma na safe na shiga ɗakin kwamitin, wannan mai dogon tebur da fanka mai ƙara, inda kika tsaya ke kaɗai. Na faɗa musu daga kwalba har zuwa guduma. Na ce ni na yanke shawara, ni na ƙi sauraron ki, ni na ƙi sauraron tsohon, ni na tafi da mabuɗi, sauran shida umarnina suka bi. Shugaban sashe ya cire tabarau ya ce, "Yaro, ka san abin da wannan maganar za ta jawo maka?" Na ce, "Na sani, Malam. Na daɗe da sani, ƙarfin hali ne ban samu ba sai yau." Suka fitar da ni, na zauna a benci awa ɗaya da rabi, suka sake kira na.

An sauke rahoton daga allo. An bar wa sauran shida makinsu. An goge miki laifin lalata kayan makaranta, har Malama ta ce za a rubuto miki. Jarrabawa dai sun ce jarrabawa ce, sai baɗi. Ni kuma an soke makina na aikin hidimar al'umma gaba ɗaya. Zan sake shi daga farko, kuma da aka tambaye ni ko ina da ƙauyen da nake so, kin san wanda na ambata. Sunana ba ya cikin masu fita bana.

To, ya mai layi huɗu, dalilinki guda ɗaya ne tak: wai ni zan wuce, ke kina baya. Ban wuce ba. Aji ɗaya muke, shekara ɗaya ke gabanmu. In har yanzu kina son rabuwa da ni, sai ki nemo wani dalilin, kuma ki faɗa mini shi da bakinki kina kallon idona, domin ranar kasuwa mai zuwa ina cikin motar nan. Zan fara da gidan tsohon in ba shi haƙuri, in bi gidaje goma sha ɗaya in sunkuyar da kai, sannan in zo ƙofar ɗakin shan magani in tsaya. Ki yi mini faɗa yadda kika ga dama, na san kin tanadi mai yawa. Zan saurara har ƙarshe, abin da ya kamata in yi tun farko. Amma ba zan tafi ba.

Naki ne ni a shekarar da muka rasa, naki a wadda za mu maimaita, naki a duk waɗanda Allah ya rubuta mana bayansu, har ranar da za a rufe idona,

Wanda kika sallama, ya ƙi karɓar sallamar.