Kaka Ta Faɗi Tana Yi wa Baba Addu'a

Inna,

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu. Yaya ƙafar Baba? Auta fa, tana nan lafiya? Ni lafiya lau, sai dai sabulun wurin aiki ya tsattsaga min hannu, amma ba wani abu ba ne, kada ki damu.

Inna, ina da labari mara daɗi. Kin tuna tsohuwar cocinmu da muke ce wa Kaka? Ita ce ta riƙe ni lokacin da na rasa aiki, kullum sai ta kira ni a waya mun yi addu'a, ko ina so ko ba na so. Ranar Lahadi muna durƙushe, tana roƙa wa Baba sauƙi, sai muryarta ta yanke. Na ɗauka numfashi take ja. Ina buɗe ido na gan ta a ƙasa. Kafin motar asibiti ta iso, rai ya yi halinsa.

A wurin jana'iza sai ga gandirobobi sun kawo wani mutum da ankwa a hannu. Ashe ɗanta ne tilo, ya daɗe a kurkuku! Ya dube mu ya ce, "Duk na san ku, kullum tana ba ni labarinku." Kaka ta ɗauki damuwar kowa, tata kuwa ba mu taɓa ji ba.

Don Allah ki gaya wa matan coci su sa shi a addu'a, kada su gaji. Ba shi da kowa yanzu sai mu.

Ubangiji ya kiyaye ku.

'Yarki