Shirin Zintle na Ranar Asabar

Mdantsane, 4 ga Afrilu

Yaya Mzoli,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar, yaya sanyin Cape Town? Tun da ka mayar da wayarka kayan ado, ba ka ɗagawa, ga takarda.

Sun kashe tsohon layin talabijin. An ɗaura mana ƙaramin akwatin nan na kama sabon layi da gwamnati ke rabawa. Tashoshi birjik, har da ta masu dafe-dafe, amma na bi su ɗaya bayan ɗaya ban ga ta unguwarmu ba. Kai da ka tsufa kana riƙe musu kyamara, gaya mini lambarta.

Ka san tun da na rasa 'yata Zintle suke maimaita shirinta na kasuwa duk Asabar. Nakan ɗora 'yarta Lulama a cinya, mu kalli uwarta tana tsokanar masu gasa kawunan tumaki. Asabar ɗin nan yarinyar ta leƙa bayan talabijin ta ce, "Kaka, Mama fushi ta yi da mu?"

Me zan ce mata?

Ƙanwarka,
Nolitha

Cape Town, 19 ga Afrilu

Nolitha,

Na samu saƙonki. Ƙafa da sauƙi. A shafa mini kan Lulama.

Babu lamba. Tasharmu ba ta samu gurbi a sabon layin ba, manya sun cika wurin. An rufe ta.

Na hau mota na zo Mdantsane, amma ban biyo ta gidanki ba, don ban san da wace fuska zan shigo ba. Ɗakin da muke ɗaukar shiri yanzu shagon wayoyi ne. Mai ginin ya watsa kaset-kaset ɗinmu bayan gida, ruwan sama ya yi ta dukansu. Na ce masa, "Bawan Allah, bukukuwa da jana'izun unguwar nan ne ka zubar." Ya ce, "Baba, wa ke kallon kaset yanzu?"

Na kwaso na Zintle duka, na kai wa mai gyara. Ɗaya ne ya tashi. Na ranar da ta yi hira da Mama Nozipho mai gasa masara ne, kuma a kan tsohuwar na tsayar da kyamara. Zintle ba ta fito ba. Hannunta ne kawai riƙe da makirfo, sai muryarta tana tambaya, sai wata dariya da ta yi har hannun ya girgiza.

An juye mini shi a faifai. Na kasa aikowa, ina tsoron ya ƙara miki ciwo. Ki yanke shawara.

Yayanki,
Mzoli

Mdantsane, 27 ga Afrilu

Yaya,

Na gode. Allah Ya ƙara sauƙi.

Na gaya wa Lulama Mama ba ta fushi, wurin da take fitowa ne aka rufe. Ta ce a buɗe mana. Har yanzu ba ta yarda a kashe talabijin ranar Asabar.

Kada ka aiko. Kawo shi da kanka, ka zauna kusa da ni. Ba zan iya kunnawa ni kaɗai ba.

Nolitha